Baƙon da Aka Ce Ya Kashe Mai Gona

Na kama aikin lauyan gwamnati a Dutse tun garin bai gama sabawa da zama babban birnin jiha ba. An yanke mu daga Kano, aka kwaso mu da kujerunmu da kabad ɗin ƙarfe aka jibge a wasu ɗakuna na aro, inda in an buɗe taga akuyar maƙwabta take leƙowa. Yawancin abokan aikina ba sa kwana a garin. Da an yi la'asar sai su cunkushe a mota ɗaya su nufi Kano, gobe su dawo rana ta ɗaga. Ni kuwa maigidana malamin makaranta ne, ya nemi canji aka ba shi, muka kama haya a Limawa. Saboda haka duk shari'ar da take bukatar sammako teburina take faɗowa, kuma ni kaɗai ce mace a sashen namu.

Aikin ba kamar yadda mutane suke zato ba ne. 'Yan sanda su ne suke kama mutum su yi bincike. In laifin babba ne, kisan kai ko fashi da makami ko fyaɗe, sai su tattaro abin da suka samu su aiko mana. Mu za mu duba mu ce akwai hujjar da za a tsayar da mutum a gaban babbar kotu ko babu. In akwai, mu tsara tuhuma, mu nemo shaidu, mu tsaya gaban mai shari'a mu gabatar da su ɗaya bayan ɗaya. Daraktanmu, wani dattijo mai ƙarancin magana ɗan wajen Ringim, ya faɗa mini tun zuwana cewa ba a ɗauke ni don in sa a rataye mutane ba. An ɗauke ni ne in kai wa kotu gaskiyar da na samu, ko da ita za ta kuɓutar da wanda na kai ƙara. Na ce masa to, ina ɗaukar maganar irin wadda manya suke yi wa sabon ma'aikaci.

Abin da aikin ya fara taɓawa a jikina shi ne gaisuwa. Da can in mutum ya gaishe ni a hanya amsawa kawai nake yi in wuce. Bayan 'yan shekaru sai na tarar ina amsawa ina laluben fuskarsa: ɗan uwan wane ne, wace shari'a ce a hannuna daga garinsu, me zai biyo bayan ina kwanan nan. Ko a gidan suna, in wata ta matso kusa da ni da yawan fara'a, jira nake in ji ta ce akwai wani ɗansu da aka kama.

Shari'ar da nake son ba da labarinta ta zo mini dab da lokacin da aka fara maganar kafa shari'ar Musulunci a jihar. A wani ƙauye can bayan Kiyawa aka tsinci gawar wani magidanci a gonarsa, ana tsakiyar yankan dawa, an sare shi a ƙeya. Manomi ne mai rufin asiri, yana da rumbuna da shanun huɗa. Wanda aka kama ɗan ƙodagonsa ne, baƙo daga wajen Haɗeja, wanda ambaliya ta cinye musu gona a shekarar ya fito neman aikin kaka. A soron mamacin yake kwana, daga cikin gidan ake fito masa da abinci.

Sajan ɗin da ya yi binciken shi ya kawo mini fayil ɗin da kansa. Ƙato ne mai yawan dariya, mun sha aiki tare ba mu taɓa samun saɓani ba.

"Hajiya, wannan ai ta gama kanta," ya ce yana ajiyewa. "Shaidu uku sun gan shi. Ga gatarin, an same shi a cikin kara. Ga shi kuma ya amsa da bakinsa, ya dangwala."

"Me ya haɗa su?"

"Shi da wa?"

"Shi da mai gidan. Mutum yana ci a gidanka, yana kwana a soronka, haka kawai ba zai wayi gari ya sare ka ba."

Ya ɗaga kafaɗa. "Halin baƙo, Hajiya, wa ya sani? Wataƙila ya ga rumbu ido ya rufe."

"An ɗauki wani abu?"

"Bai samu dama ba."

Na karanta komai. A rubuce dai hujjar ta isa a kai mutum kotu, don haka na tsara tuhumar kisan kai aka shigar. Amma tambayar nan ta me ya haɗa su ba ta bar ni ba, na ajiye ta gefe ina jiran ganin shaidun.

Ƙa'idarmu ce kafin a shiga kotu mu zauna da shaidu mu ji daga bakinsu, ba don mu koya musu abin faɗa ba, sai don mu san abin da suka sani. Yawanci sai an sha wahala kafin a samo mutanen ƙauye; wannan ya tafi kasuwa, wancan ba shi da na mota. Waɗannan kuwa tun kafin in iso ofis na tarar da su a zaune a benci, su uku, an yi wanka an sa hula. Wanda ya ɗebo su a motar haya shi ne ƙanin mamacin, uba ɗaya uwa daban, mai sayar da hatsi a kasuwar Shuwarin. Mutum ne tsaf-tsaf, farar shadda, magana a hankali. Ya durƙusa ya gaishe ni fiye da yadda shekaruna suka kai.

"Ranki ya daɗe, mu dai abu ɗaya muke roƙo," ya ce. "Yadda ya kashe mana Yaya, shi ma a kashe shi. Ba mu son komai bayan wannan."

Na yi masa ta'aziyya, na kira shaida na farko. Sai ƙanin ya biyo shi ya ja kujera zai zauna.

"Malam, ka ɗan jira mu a waje."

"Ai ba sa iya magana gaban manya ne, ranki ya daɗe. In ina kusa sun fi sakewa."

"Za su sake. Ka ja mana ƙofar."

Na farkon dattijo ne, ya ce yana gonarsa gabas da ta mamacin. Da hantsi ya ga baƙon ya fito daga cikin dawa yana waige-waige, gatari a kafaɗarsa ta hagu. Na biyu ya ce yana kan hanyar rijiya, yamma da gonar. Shi ma ya ga baƙon ya fito yana waige-waige, gatari a kafaɗarsa ta hagu. Da na uku ya buɗe baki, wani matashin magidanci mai yawan ƙifta ido, na riga na san abin da zai ce, kuma haka ya faɗa, har da kafaɗar.

Na sha jin shaidun gaskiya. Ba sa haɗuwa daidai. Wannan zai ce da hantsi, wancan ya ce rana ta kusa tsaka. Wannan ya tuna riga, wancan ya tuna kare yana haushi. Sai na tambayi matashin abin da babu a bayanin da suka yi wa 'yan sanda.

"Wace irin riga ce a jikinsa?"

Ya dubi ƙofar da ƙanin mamacin yake bayanta.

"Ni kake yi wa magana, ba ƙofa ba."

"Riga dai, Hajiya. Irin ta aiki."

"Da ka gan shi da gatari yana waige-waige, me ka yi?"

"Na ci gaba da aikina."

"Ba ka leƙa gonar ba?"

"Ban leƙa ba."

Na sallame su ban nuna komai a fuska ba.

Ba a yi mako ba, na dawo daga aiki da yamma na tarar da buhun dabino jingine a soronmu, da ƙwaryar ƙwan zabo a kansa. Maigidana ya ce wani bawan Allah mai farar shadda ne ya zo, ya ce gaisuwa ce kawai ga Hajiya saboda ƙoƙarin da take yi wa marayu. Ya ce masa ba ma karɓa, mutumin ya yi murmushi ya hau babur ya bar kayan. Ba dabinon ne ya dame ni ba. Gidanmu yana can cikin lungu, ko abokan aikina ba duka suka san shi ba. Na zauna ina lissafin waɗanda suka taɓa kawo ni gida: direban ofis, masinjanmu, da Sajan, wanda ya taɓa kawo mini sammaci ranar hutu. Washegari na ɗora buhun a bayan acaɓa na kai shi har gaban teburin Darakta. Ya dube shi, ya dube ni, ya sa aka kira Sajan ya ce ya mayar wa mai shi. Na zuba wa Sajan ido lokacin da yake ɗagawa. Dariyarsa ya yi kamar kullum, ya ce mutanen ƙauye ba su san doka ba. Ban iya gane komai a fuskarsa ba.

A kotu na fara ganin baƙon. Gandirobobi suka shigo da shi, dogo, ƙashin wuya a waje, hannuwa manya irin na wanda ya taso da tuƙin kwale-kwale. Da aka karanta masa tuhuma aka fassara, ya ce bai aikata ba. Lauyan agajin da aka ba shi ya miƙe ya ce dangwalen da ake magana duka ne ya sa aka yi shi, kuma an rubuta bayanin da harshen da mutumin ba ya ji. Wannan ba sabon abu ba ne, kusan kowa haka yake cewa in ya zo kotu, mai gaskiya da maƙaryaci. Abin da na lura shi ne baƙon ba mai shari'a yake kallo ba, ni yake kallo, kallon wanda yake son ya haddace fuskar wadda za ta sa a kashe shi.

Daga nan shari'ar ta shiga irin jan ƙafar da aka saba. Yau mai shari'a ya tafi taro, gobe babu motar da za ta kawo fursunoni. Kaka ta sake zagayowa baƙon yana gidan yari. A cikin wannan jiran aka kafa shari'ar Musulunci, aka buɗe sababbin kotuna, gari ya ɗauki zancen ƙisasi da diyya da yafiya, har a bakin masu shayi.

Sai ga ƙanin mamacin a ofishina wata safiya, shi kaɗai.

"Ranki ya daɗe, mun zauna da dangi mun yi shawara. Mun yafe."

"Kun yafe me?"

"Jinin Yaya. Tunda Allah ya kawo mu zamanin shari'a, a mayar da maganar can. Sai baƙon ya amsa laifinsa gaban alƙali, mu kuma mu ce mun yafe, ba ma son diyya. A yi masa abin da malamai suka ce, ya koma garinsu. Ya wahala haka."

Yafiya abu ne mai girma a addinina, na kuma ga iyayen da suka yafe jinin 'ya'yansu suna kuka, har ni ma na yi hawaye. Amma wannan mutumin shi ne ya durƙusa a wannan ɗakin ya ce ba ya son komai sai a kashe baƙon. Kuma yafiyar tasa da sharaɗi ta zo: sai baƙon ya amsa. In ya amsa aka yafe, an rufe maganar ke nan har abada, ba wanda zai sake tambayar wa ya sari mai gona, kuma shaidun nan uku ba za su taɓa tsayawa a yi musu tambayoyi ba.

"Matar mamacin fa? Da 'ya'yansa? Su ma sun yafe?"

"Ai ni ne a kansu yanzu."

"Na ji. Ka bar ni in yi shawara da manyana."

Da ya fita na sake buɗe fayil ɗin, ina neman abin da matar ta ce. Babu. Ba a taɓa tambayarta ba. Lokacin binciken tana takaba, 'yan sandan maza ne, iyakarsu soro, ƙanin ne ya yi magana da yawun gidan.

Na nemi motar ofis na ce wa Sajan ya raka ni ƙauyen. Ban faɗa masa ranar ba sai da safiyar da za mu tafi, kuma na zaɓi ranar kasuwar Shuwarin, don na san mai farar shadda ba zai bar rumfarsa ba. Muka bar kwalta bayan Kiyawa muka shiga yashi. Muka fara biyawa ta wurin dagaci muka gaisa, ya haɗa mu da wanda zai nuna mana gidan. Sajan ya zauna a soro, ni na yi sallama na shiga.

Na same ta tana bakace a gindin wani rumbu da ya fara zubewa. Mace ce da ba ta wuce sa'ata ba, amma wahala ta ƙara mata shekaru. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, na yi mata gaisuwar rashi duk da an daɗe. Da na faɗa mata ko ni wace ce, ta ajiye faifan.

"Ke ce za ki sa a kashe shi?"

"Ni ce na kai shi ƙara. Shi ya sa na zo in ji daga bakinki, 'yar uwa. Me kika sani game da ranar?"

"Wa ya taɓa tambayata?"

"Ga shi ni na tambaya."

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta yi magana da murya ƙasa-ƙasa, har sai da na matso. Ta ce da safiyar ranar, a gabanta mai gidan ya aiki baƙon da amalanke ya kwaso kara daga wata gonarsu ta arewa, mai nisa, shi kuma ya tafi gonar dawa shi kaɗai. Baƙon bai dawo ba sai bayan azahar, yana shigowa da shanu mutane suka rufar masa.

"Gatarin fa? Sun ce na gidan nan ne."

"Namu ne. Amma ba ya gidan nan ranar. An are shi tun ana jibi abin zai faru, za a fasa itace."

"Wa ya ara?"

Ta nuna katangar da ta raba gidan da na maƙwabta da haɓarta. Gidan ƙanin ne.

"Akwai wani abu tsakaninsa da mai gidanki?"

"Fadamar mahaifinsu. Tun rasuwar tsoho ba su daina ba. Har gaban dagaci sun je."

"Yanzu wa yake noma ta?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "Shi. Da shanun ma ya kwashe, wai zai riƙe wa marayu."

Na ce mata ina so ta zo kotu ta faɗi wannan. Ta girgiza kai tun ban rufe baki ba.

"Yaya, ke in kin gama mota za ki hau ki koma Dutse. Ni a nan zan kwana. 'Ya'yana daga rumbunsa ake auno musu yanzu. Na faɗa miki ne don kin shigo har inda nake kin tambaya. In kika ce na faɗa, zan ce ban san ki ba."

Ina miƙewa na hango kan wata tsohuwa yana sauka daga bayan katangar. Ban san tun yaushe take wurin ba.

A mota na gaya wa Sajan abin da na ji, ina kallon yadda zai ɗauka. A karo na farko tun da na san shi bai yi dariya ba.

"Hajiya, macen da aka ƙwace wa shanu za ta faɗi komai. In kika ba ta dama, duk dangin mijin sai ta sa a rataye."

"Ka tambayi inda baƙon yake da safiyar?"

"Ya amsa laifinsa, me zan tambaya?"

"Kafin ya amsa ko bayan ya amsa?"

Ya juya yana kallon gonaki ta taga har muka hau kwalta. Abin haushin shi ne maganarsa ta farko ba ƙarya ba ce. Na ji ɗacin da yake muryar matar lokacin da ta ambaci shanun. Tana iya faɗin gaskiya saboda gaskiya ce, tana kuma iya ƙulla wa mutumin da ya mayar da ita mai jiran awo. Na fita Dutse ina zargin mutum ɗaya, na dawo ina zargin kowa.

Darakta ya saurare ni har na gama, yana juya carbi a ƙarƙashin tebur.

"Wa ya aike ki ƙauyen?"

"Ba kowa, Yallaɓai. Na ga ba a ji daga bakinta ba ne."

"Akwai wanda ya same ki daga ɓangaren yaron? Danginsa, ko lauyansa?"

Maganar ta soke ni. Ni da na ɗauko buhu a kan acaɓa na dire masa a ofis. Amma ina cikin jin zafin na san da ni ce a kujerarsa tambayar da zan yi ke nan.

"Ba wanda ya same ni, Yallaɓai."

Ya gyaɗa kai. Ya ce shari'a a inda aka fara ta nan za a ƙare ta, ba za a mayar da ita ko'ina ba, kuma ba za a sa mutum ya amsa laifi don a samu abin yafewa ba. Maganar matar kuwa, tunda ba za ta tsaya ta faɗa ba, ba hujja ba ce. Amma ba ni da ikon in ɓoye ta. Ya ce in sami lauyan agajin in gaya masa abin da na ji game da amalanken da gatarin, ba tare da na jefa matar cikin haɗari ba, sannan in kira shaiduna kamar yadda aka tsara, in bar kotu ta auna su.

Haka na yi. Lauyan agajin ya saurare ni yana kallona a kaikaice, kamar mai neman inda tarkon yake. Har ya tambaye ni me nake so a madadin wannan. Na ce masa ba komai.

Ranar da shaidun suka tsaya, kotun ta cika da mutanen ƙauyen. Ƙanin mamacin yana layin gaba. Na gabatar da su kamar yadda aiki ya ce, kowa ya faɗi nasa, da waige-waigen da kafaɗar hagun. Sannan lauyan agajin ya tashi. Dattijon farko ya jure, ya ce abin da ya gani ke nan. Na biyun ya rikice a kan inda rijiyar take, har mai shari'a ya cire tabarau ya dube shi. Matashin mai ƙifta ido kuwa, da aka tambaye shi ko ya ga amalanken mamacin a ranar, sai ya ce ya gani, amalanken ya bi hanyar arewa da safe.

"Wa yake kora shanun?"

Ya saci kallon layin gaba. Mai shari'a ya tuna masa cewa ya rantse da Alƙur'ani.

"Baƙon ne," ya ce, da ƙyar ake jin sa.

"To yaushe ka gan shi da gatari?"

"Ni dai an ce mini an gan shi."

"Wa ya ce maka?"

"Mutane."

Duk yadda aka juya shi bai wuce mutane ba. Ban waiwaya na dubi layin gaba ba, amma na ji motsin shadda, mutum ya tashi ya fita.

A zama na gaba aka saurari maganar dangwalen. Baƙon ya ɗaga riga ya nuna bayansa. Sajan ya rantse bai taɓa shi ba, ya ce wataƙila mutanen gari ne lokacin da suka kama shi, wanda kuma zai iya yiwuwa. Mai shari'a dai ya ƙi karɓar bayanin. Da aka zo kaina na miƙe na ce gwamnati ba ta da sauran shaida, kuma da abin da ya rage ba zan roƙi kotu ta kama wannan mutumin da laifin kisa ba. Ban taɓa jin kalmomi sun yi mini nauyi a baki kamar waɗannan ba, don ga mutum an kashe, ga marayu, kuma ni ce ya kamata in tsaya musu. Mai shari'a ya sallame shi ya wanke shi.

Na same shi a bakin ƙofar kotu, yana tsaye da 'yar ledar kayansa, ba wanda ya zo tarbarsa. Na zata zai kauce, sai ya nufo ni.

"Hajiya, ke kika ce ni na kashe shi."

"Ni na kai ka ƙara."

"Yanzu kuma kin ce ba ni ba ne."

"Na ce ba ni da hujjar cewa kai ne."

Ya juya maganar a ransa. "To wa ya kashe shi? Mutumin kirki ne. Bai taɓa ci ya hana ni ba."

"Ban sani ba, Malam."

Ya dube ni, na ga bai yarda ba. A wurinsa mu mutanen ofis mun san komai, faɗa ne kawai ba ma yi. Ya tambaye ni hanyar tasha, na nuna masa, ya tafi bai waiwayo ba.

Ofishinmu ya umarci 'yan sanda su sake bincike, su duba maganar fadamar da aron gatarin. Kafin a je ko'ina aka yi wa Sajan canji zuwa wata jihar, kamar yadda ake yi musu, sabon da ya gaje shi kuma yana da nasa gawarwakin. Ya je ƙauyen sau ɗaya ya dawo ya ce kowa ya ce bai san komai ba. Ƙanin ya ce gatarin bai taɓa shiga gidansa ba. Ba tare da matar ba, babu inda za a dafa.

Da na ji ta bar gidan ta koma wurin iyayenta a wani ƙauye ta hanyar Ringim, sai na sa rai. Yanzu ba ta cin rumbun kowa, wataƙila ta yarda ta tsaya. Na nemi mota na tafi. Mahaifinta ne ya fito, tsoho mai sanda, ya sa aka shimfiɗa mini buzu a soro. Na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya shiga ciki. Ya ɗan jima ya dawo.

"'Yar nan, ta ce ba ta taɓa magana da wata mata daga Dutse ba."

"Baba, a bar ni in shiga mu gaisa kawai. In ta gan ni za ta gane ni."

"Ba ta jin daɗi. Kuma manyan 'ya'yan nata biyu suna can wurin baffansu, shi yake riƙe da su. Ki yi haƙuri."

Daga cikin gidan na ji muryarta sarai, tana kiran wani yaro ya zo ya ɗauke kwano. Na yi wa tsohon godiya, na sa takalmina, na ce wa direba mu koma, akwai shari'ar fashi da take jira na da safe.